Kafin Ka Zuba Kuɗi a Keken Kabon: Yadda Ake Auna Keken Hawan Dutse

Keke ɗaya, suna ɗaya, siffa ɗaya, amma farashi huɗu ko biyar. Haka manyan kamfanoni irin su Trek da Specialized da Giant da Canyon suke jera kekunansu na hawan dutse. Na ƙasan jeri, mai shokazoba gaba da baya, yakan kama daga wajen dala 2,500 zuwa 3,500, na can ƙololuwa kuwa yakan haura dala 10,000. Abin da ya fi fitowa fili a tsakaninsu shi ne abin da aka ƙera firam ɗin da shi: na ƙasa alminiyam, na sama zaren kabon. Shi ya sa mahayin da ya tara kuɗinsa yakan fara da tambayar ko kabon zai saya ko alminiyam, ya yi makonni yana juya ta a ransa. A ganina wannan tambaya ba a farko take ba, ita ce ta ƙarshe. Akwai abubuwa huɗu da suka riga ta: irin ƙasar da za ka hau, dacewar keken da jikinka, ingancin shokazoba da birki da taya, sai kuma wanda zai tsaya maka ranar da wani abu ya lalace. In an gama da waɗannan kuma kuɗi ya yi saura, to a nan ne kabon yake da bakin magana. Ba don kabon yana da aibi nake faɗin haka ba. Kaya ne mai kyau ƙwarai, sai dai amfaninsa yana da iyaka, kuma iyakar tana aunuwa.

Sai mutum ya san yadda ake ƙera shi kafin ya gane abin da yake biya. Zaren kabon siriri ne matuƙa, kaurinsa tsakanin maikromita 5 zuwa 7, ana samar da shi ta hanyar gasa wani zaren roba a zafi mai tsanani har kusan komai ya ƙone sai kabon zalla. Kamfanin Toray na Japan yana cikin manyan masu yin sa, lambobin nan irin T700 da T800 da ake gani a tallan kekuna ma sunayen zarensa ne. Zaren shi kaɗai ƙarfinsa a ja yake, ba ya iya tsayawa da kansa, don haka ake jiƙa shi da gam mai ƙarfi a mayar da shi falle-falle. Ma'aikaci yana yanka fallayen gunduwa-gunduwa, ɗaruruwa a firam guda, ya shimfiɗa su da hannu ɗaya bisa ɗaya, kowanne da fuskar da injiniya ya ce zarensa ya kalla. Daga nan a rufe su cikin mazubi na ƙarfe, a hura wata jaka daga ciki ta matse su da bango, a gasa har gam ɗin ya daskare. Yawancin wannan aiki a Taiwan da Sin ake yin sa, har da na kamfanonin Amurka da Turai. Tsadar daga nan take fitowa: aikin hannu mai cin lokaci, da mazubin ƙarfe da sai an sassaƙa wa kowane girman firam nasa. Fa'idar ma daga nan take. Bututun alminiyam ƙarfinsa ɗaya ne ta kowace fuska, shi kuwa kabon ana iya sa shi ya yi tauri ta inda feda take murɗa shi, ya yi laushi ta inda ake so ya sha jijjiga, a ƙara kauri inda ake tsoron dutse, a rage inda babu nauyi. Abin lura a nan shi ne cewa firam biyu na iya zama duka kabon amma su bambanta nesa, domin ingancin yana ga tsarin shimfiɗar da kulawar ma'aikata. Kamfanoni da kansu suna sayar da kabon hawa biyu: Santa Cruz tana da C da CC, Yeti tana da C da TURQ, na araha ya ɗan fi nauyi saboda an yi amfani da zaren da ba shi da tsada sosai.

Babbar hujjar masu kabon ita ce rashin nauyi, don haka bari mu ɗora ta a sikeli. A tsakanin firam ɗin kabon da takwaransa na alminiyam na keke iri ɗaya, bambancin yakan faɗa tsakanin rabin kilo zuwa kilo guda. Mu ɗauki giram 700. Mahayi mai kilo 75 a kan keke mai kilo 14, da ruwansa da 'yan kayan gyara, ya kai kilo 90. Giram 700 bai cika kashi ɗaya cikin ɗari na wannan nauyi ba. In zai hau tudun da tsayinsa ya kai mita 500, ƙarin aikin da giram 700 ɗin zai sa shi wajen jul 3,400 ne. Mahayi mai ƙwazo da yake ba da wat 200 zai biya wannan da daƙiƙa 17, a hawan da zai ci masa kimanin minti 40. Lissafin ke nan, kowa na iya maimaita shi da nauyin jikinsa. Gorar ruwa guda cike ta kusa wannan nauyi, kuma ba a taɓa jin mahayi ya ce ya kasa hawa tudu don ya cika gorarsa ba.

Amma daƙiƙa 17 ba wasa ba ce ga wanda tsere ne sana'arsa, dole a faɗi wannan. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Tom Pidcock na Birtaniya ya ci zinare da tazarar daƙiƙa 9 kacal a kan Victor Koretzky na Faransa bayan tsere na kusan sa'a ɗaya da rabi, Alan Hatherly na Afirka ta Kudu yana biye da su da tagulla. A irin wannan tsere na hawa da gangara, ko a Cape Epic da ake yi a Afirka ta Kudu tun 2004, inda mutum biyu-biyu suke kwana takwas suna cin tudu, ba za ka ga ɗan gaba a kan alminiyam ba, kuma suna da gaskiya. Sai dai a leƙa ɗaya ɓangaren wasan, wato tseren gangara zalla. Kamfanin Commencal da ke Andora ya daɗe da barin kabon gaba ɗaya, amma a kan kekensa na alminiyam Amaury Pierron ya lashe kofin duniya na gangara a 2018 da 2022, Myriam Nicole kuma ta zama zakarar duniya a 2019 da 2021. Inda ƙasa ce take jan keke, ba ƙafa ba, kayan firam ɗin bai hana kowa nasara ba. Wannan ya dawo da mu kan tambayar farko, wadda ta kamata mai saye ya amsa da gaskiya: ina kake hawa, kuma yaya kake hawa?

Kekunan hawan dutse an raba su ne bisa zurfin da shokazobarsu take iya nutsewa. Na tseren hawa da gangara suna da milimita 100 zuwa 120, marasa nauyi, masu saurin hawa. Na yawon daji na yau da kullum suna tsakanin 130 da 150. Waɗanda aka yi don gangara mai tsanani amma mutum ya hau da ƙafarsa suna kaiwa 160 zuwa 180, na gangara zalla kuwa wajen 200. Kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗi shi ne sayen ajin da bai dace ba. Wanda hanyarsa ta burji ce da 'yan tuddai, in ya sayi mai milimita 170, zai yi ta jan kaya mai nauyi da tayoyi masu riƙe ƙasa ba gaira ba dalili, ko da firam ɗin kabon ne mafi tsada. Wanda kuma yake gangarowa cikin manyan duwatsu a kan keken tsere siriri, wata rana zai karya keken ko ya karya kansa. Yawancin kamfanoni suna rubuta ajin amfani a littafin keken, daga 1 zuwa 5, bisa tsarin hukumar ASTM ta Amurka, kuma in ka hau keken aji 3 a wurin aji 5 ya karye, garanti ba ya aiki. Hanyar da ta fi ita ce mutum ya duba inda ya hau a watannin da suka wuce, ya zaɓi keke don wannan, ba don wurin da yake fatan zuwa wata rana ba.

Bayan aji sai dacewa da jiki, kuma a nan ne aka sami canji mafi girma a kekunan dutse tun da Specialized ta fito da Stumpjumper a 1981. Kekunan da can kusurwar wuyansu takan kai digiri 70 ko 71, tayar gaba tana kusan ƙarƙashin hannun mahayi, shi ya sa suke saurin kifar da mutum a gangara. Na yawon daji na yanzu suna wajen digiri 64 zuwa 66, gabansu ya yi tsawo, sandar sirdi kuma ta miƙe don mahayi ya zauna bisa feda a lokacin hawa. Wannan sauyi ya gyara yadda keke yake tafiya fiye da duk abin da canjin kayan firam ya taɓa yi, kuma na alminiyam da na kabon duk sun same shi daidai. Don haka tsohon keken kabon mai tsohuwar siffa bai kai sabon alminiyam mai siffar zamani ba. Kada ka dogara da harafin girma, domin abin da wani kamfani ya kira matsakaici wani babba yake kiransa. Nemi teburin awo, ka duba nisan da ke tsakanin saitin gindin feda da saman wuyan keken, ka kwatanta da keken da ka riga ka sani. In da hali ka hau kafin ka biya, a kan ƙasa ta gaske ba a harabar shago ba. Kafin ka tashi, sa a daidaita iskar shokazoba da nauyinka, ta baya ta nutse kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari idan ka zauna, ta gaba kashi 15 zuwa 20, a kuma rage iskar taya zuwa yadda ka saba. Keken da ba a daidaita ba, gwajinsa ba ya gaya maka komai, kuma mutane da yawa sun ƙi keke mai kyau ko sun so marar kyau saboda wannan kaɗai.

Yanzu mun zo tsakiyar maganar. A kusan kowane jerin farashi akwai wurin da alminiyam mafi tsada da kabon mafi araha suke haɗuwa a kuɗi ɗaya ko kusa da haka. Kamfani ba ya yin asara, don haka kuɗin da firam ɗin kabon ya ci, daga kayan da aka ɗaura masa ake cire shi: fok (wato shokazobar gaba) mai sauƙin ciki, birki mai rauni, wili mai nauyi, taya mai siririn bango. Na alminiyam ɗin kuwa yakan zo da shokazobar Fox ko RockShox na aji mai kyau, da birki mai fistin huɗu, da giya irin Shimano SLX ko XT ko SRAM GX. Sau da yawa in aka ɗora su a sikeli nauyinsu kusan ɗaya, domin abin da firam ya rage kayan sun mayar. To wanne jikin mahayi zai fi ji? A bi hanyar da bugun dutse yake bi kafin ya iso hannu. Da farko taya ce, mai faɗin inci 2.4 da iska kaɗan, tana lotsawa santimita ɗaya ko biyu. Sai shokazoba ta nutse santimita goma ko fiye. Abin da ya rage wa firam ya lanƙwasa 'yan milimita ne. Duk wanda ya ce yana jin laushin kabon a ƙarƙashin milimita 150 na shokazoba, mafi yawan abin da yake ji aikin taya ne da fok. Birki kuwa ba ya buƙatar doguwar hujja. A gangara mai tsawo, birki mai rauni yana gajiyar da yatsu da damtse, mai gajiyayyen hannu kuma shi ne yake faɗuwa. Don haka a farashi ɗaya, na fi ganin hikimar ɗaukar alminiyam mai kaya masu kyau. Inda kawai zan sassauta shi ne giya: tsakanin Shimano Deore mai araha da XT bambancin nauyi ne da santsi, dukansu suna canzawa lafiya, ba wurin da za a ƙone kuɗi ba ne.

Masu kabon suna da amsa mai ƙarfi a kan wannan, kuma ta cancanci a saurare ta. Suna cewa firam shi ne ƙashin baya, sauran kaya masu ƙarewa ne. Sarƙa da taya da birki duk za a canza su ko ba a so, saboda haka gara a sayi firam mafi kyau yau, a riƙa ɗaga kayan a hankali. Maganar tana da gaskiya ga wanda zai riƙe keke shekaru masu yawa, kuma yana da tabbacin kuɗin ɗaga kayan zai zo. Amma akwai ramuka biyu a cikinta. Na farko, kamfanin keke yana sayen fok da birki dubu-dubu a farashin sari, kai kuwa guda za ka saya a farashin shago, fok mai kyau shi kaɗai yana kaiwa dala 1,000, tsohon da ka cire kuma ba zai yi daraja ba. Abin da ka ƙi biya a ranar saye za ka biya ninkinsa daga baya. Na biyu, ba tsufan kaya ne yake kashe firam ɗin dutse ba, canjin ma'auni ne. Wili mai inci 26 ya ba da wuri ga 27.5 da 29. A 2015 aka faɗaɗa gindin wilin baya zuwa milimita 148. A 2019 SRAM ta fito da maratayin giya na bai-ɗaya da ake kira UDH, a 2023 kuma ta kawo sabuwar giyar Transmission wadda ba ta ɗauruwa sai a firam ɗin da aka yi don wannan maratayi. Firam ɗin kabon da aka saya da tsada kafin waɗannan sauye-sauye yana nan da ƙarfinsa, amma sababbin kaya da yawa ba sa shiga jikinsa.

Akwai kuma masu ƙin kabon saboda tsoro, suna cewa roba ce, dutse ɗaya zai fasa ta. Su ma ban tsaya tare da su ba. Firam ɗin kabon na kamfanin kirki yana cin gwajin ƙa'idar ISO 4210 kamar kowane, kuma wajen jure lanƙwasa sau dubbai ya fi alminiyam, domin alminiyam yana gajiya a hankali, yawanci ya tsage a bakin walda. Bugu da ƙari kabon yana gyaruwa. Masu sana'ar, irin Calfee Design a Kalifoniya, suna kankare wurin da ya lalace su shimfiɗa sabon zare su gasa, firam ya koma aiki. Alminiyam 6061 kuwa in aka yi masa walda sai an sake gasa firam ɗin gaba ɗaya kafin ƙarfinsa ya dawo, abin da ba kasafai yake biyan kuɗinsa ba. Raunin kabon na gaskiya wani ne daban: ba ya son bugun abu mai tsini a wuri guda, ba ya son matsi, ba ya son gugar da take cin sa a hankali. Mafi muni kuma, yana iya ɓoye ciwonsa. Alminiyam in ya sha dutse sai ya lotsa, ido ya gani. Kabon kuwa fallayensa na iya rabuwa daga ciki alhali fenti yana nan lafiya. Wannan ne ya sa tambaya ta huɗu, wato wa zai tsaya maka, ta fi nauyi a kan kabon fiye da kowane irin firam.

Karanta takardar garanti kafin ka biya, kada ka tsaya ga abin da mai shago ya faɗa da baki. Kamfanoni irin Trek da Specialized da Santa Cruz suna ba da garantin firam na tsawon rai, amma ga wanda ya fara saye, kuma a kan kuskuren ƙira kaɗai. Faɗuwa ba ta ciki. Abin da ake yi wa wanda ya faɗi shi ne a sayar masa da sabon firam a rangwame, don haka tambayi nawa ne rangwamen da kuma shekara nawa yake aiki. Tambayi ko ana samun ɓangaren baya shi kaɗai, da boris na mahaɗan shokazoba, da maratayin giya. Ga mai karatu da ke Kano ko Jos ko Abuja ko Yamai, wanda kekensa zai zo ta hannun ɗan'uwa daga Turai ko cikin kayan Beljiyam, wannan sashe ya fi duk lissafin nauyi muhimmanci. Garantin da sai an kai firam wurin dila a wata nahiya, kuɗin jirgi kaɗai na iya cinye amfaninsa, in kuma keken na hannu ne, galibi babu garantin ma. Kafin ka ɗauki keken miliyoyin naira zuwa duwatsun Shere, ka san sunan wanda zai duba maka shi in ya bugu, da wanda zai buɗe maka shokazoba. RockShox tana cewa a yi wa ƙafafun fok ƙaramin sabis duk bayan sa'a 50 na hawa, babba kuma a sa'a 200, Fox tana cewa sa'a 125 ko shekara guda, ƙurar hunturu kuwa tana rage wannan wa'adi. Wanda ya zuba duk abin da yake da shi a firam bai bar na sabis ba, cikin shekara guda kekensa mai tsada zai koma tafiya kamar na araha.

Idan na hannu za ka saya, duba shi da natsuwa, kada mai sayarwa ya gaggauta ka. A wanke keken tas, domin laka tana rufe tsaga, a fito da shi rana ko a haska shi da tocila daga gefe. Fara da ƙarƙashin babban bututun da ke fuskantar tayar gaba, inda duwatsu suke bugu. Ka koma gindin feda da sandar baya ta ɓangaren sarƙa, inda sarƙa take faɗawa ta ci jiki. Duba saman bututun sama, wurin da hannun birki yake dokawa in kan keke ya juya a faɗuwa, sannan bakin da sandar sirdi take shiga, da kewayen wuya. Karcewar fenti ba komai ba ce, amma tsaga mai rassa, ko wurin da ya yi fari-fari, ko ya kumbura, abin tsayawa ne. Danna wurin da babban yatsa, in ya yi laushi ko ya yi ƙara, ka bar keken. Shafa tsumma mai laushi a kai, in ya maƙale to zare ya tashi. Sai ka ɗauki kwabo ka riƙa ƙwanƙwasawa a hankali daga lafiyayyen wuri zuwa wanda kake zargi, kamar yadda ake ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa: mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, inda fallaye suka rabu kuwa sautin yakan mutu. Wannan gwaji yana kama babban lahani ne kawai, ƙanana sai na'urar da take leƙa ciki da sauti, don haka wucewarsa ba shaidar lafiya ba ce cikakkiya. Ɗaga keken ta sirdi a hankali ka ji ko mahaɗan baya suna ƙwas-ƙwas, ka duba sandunan fok masu sheƙi ko sun karce. Nemi lambar firam a ƙarƙashin gindin feda da rasit ɗin saye. Akwai jabun firam masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, kuma jabun kabon ba a gane shi da ido, don haka farashin da ya yi araha fiye da hankali dalili ne na juyawa.

Saura hujja ɗaya da lissafi ba ya rushe ta, wato sha'awa. Wani yana son keken ne don kyansa, don layukansa marasa tabon walda, don yadda yake tashi da sauƙi in an taka. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Keken da mutum yake ƙauna shi yake fitarwa da asuba, kuma hawa da yawa ya fi kowane giram amfani ga ƙarfin ƙafa. Akwai ma abubuwan da kabon ne ya fi iya su, kamar sandunan baya masu lanƙwasa da kansu a kekunan tsere irin Specialized Epic da Cannondale Scalpel, waɗanda suka sa aka cire mahaɗa guda da boris ɗinta. Abin da nake nema kawai shi ne mai saye ya kira dalilinsa da sunansa. Wanda yake tsere a tuddai, ko mai ƙaramin jiki da nauyin keke yake zame masa kaso babba, ko wanda kuɗinsa ya isa kabon da kaya masu kyau a lokaci guda ba tare da ya taɓa na hular kwano da takalmi da sabis ba, ya saya da kwanciyar rai. Kada dai a saya da tunanin za a mayar da kuɗi wajen sayarwa. Bayan rububin kekuna na 2020 da 2021, kaya sun yi wa kamfanoni yawa a 2023 har suka riƙa karya farashin sababbi, na hannu kuma suka faɗi tare da su, kabon na hannu ma ya fi shan wahala saboda mai saye yana tsoron abin da ba ya gani. Darasin da ke ciki ga mai saye shi ne ya nemi samfurin bara, wanda sau da yawa launi kawai ya raba shi da na bana.

In ka yanke shawara kabon ne, to sa sifana mai awon ƙarfin ɗauri cikin kuɗin keken tun ranar farko, domin matsi fiye da kima yana cikin abubuwan da suka fi fasa kabon a hannun masu shi. Ƙananan kusoshin kan keke da na sandar sirdi yawanci newton-mita 4 zuwa 6 suke so, kuma adadin yana rubuce a jikinsu. Inda kabon yake riƙe kabon ko ƙarfe, a shafa man ɗauri na musamman mai ɗan yashi-yashi, wanda yake hana zamewa ba tare da an matse sosai ba. A riƙa zare sandar sirdi lokaci-lokaci ana gogewa, don alminiyam da kabon in suka daɗe a haɗe da danshi sukan manne. Manna ledar kariya a ƙarƙashin babban bututu da duk inda waya take gugar jiki. Wajen gyara, a kama keken ta sandar sirdi, kada a matse bututun firam a maƙalin gyara ko na mota, in kuma a bayan a-kori-kura za a ɗauke shi, a sa katifa a inda zai jingina kuma a share ƙurar wurin tukuna. Bayan kowace faɗuwa mai ƙarfi, a wanke a duba kafin a sake hawa, musamman kan keke in shi ma na kabon ne, kuma in aka ga tsaga a jikinsa a canza shi, ba a gyara shi.